Mudu Biyu a Kasuwa Ɗaya

Ina roƙon Edita ya ɗan ba ni fili a cikin wannan mujalla tamu mai farin jini, domin in faɗi albarkacin bakina a kan wata magana wadda kowa ya san da ita, amma ba a son a ɗaga ta a bainar jama'a. Maganar kuwa ita ce ta budurci, da yadda muke auna 'ya mace da wani mudu, sa'an nan mu auna ɗa namiji da wani dabam. Na san wasu za su ce ina ruwan ɗan makaranta da wannan zance, ai rashin kunya ne. To, ina neman gafara tun da wuri. Amma Hausawa sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma idan mu da abin ya shafa ba mu yi magana ba, wa zai yi?

Duk wanda ya tashi a Gozaki ya san awo. Da kaka, in an gama girbi, kowa yana ganin yadda ake fita da masara da dawa da waken soya, wasu su sayar a gida, wasu su kai Bakori ko Funtuwa. Dattawa kuma suna ba mu labarin zamanin fuloti, lokacin da manomi kan tsaya ya zuba wa sikeli ido don kada a cuce shi a kan audugarsa. A cikin duk masu sana'ar kasuwa babu wanda ake ƙi kamar mai awon da ke da mudu biyu, babba na saye, ƙarami na sayarwa. Ranar da asirinsa ya tonu, ranar ya gama cin kasuwa. Sura guda ce a cikin Alƙur'ani mai girma, watau Suratul Muɗaffifina, aka buɗe ta da gargaɗi mai tsanani ga masu tauye mudu. Abin mamaki, wannan halin da ba mu yarda da shi a kan tiyar masara ba, shi muke yi a cikin gidajenmu a kan mutuncin 'ya'yanmu.

Mu fara dubawa daga harshenmu. Muna da kalmar budurwa, daga gare ta muka sami budurci, kuma kowa ya san abin da ake nufi in an ce yarinya ta kai budurcinta ɗakin miji. Muna da kalmar saurayi, daga gare ta muka sami samartaka. To, mene ne samartaka? Ado ne, da taƙama, da yawon dandali, da tashen ƙuruciya. Ka bincika Hausa kaf, da wuya ka sami kalma ɗaya tak da ake kiran saurayin da ya tsare kansa har ya yi aure, kai ka ce ba a taɓa sa ran samun irinsa ba. Idan yarinya ta yi kuskure, sunayenta ba su ƙirguwa: 'yar iska, ballagaza, wadda ta zubar da mutuncin gidansu. Idan yaro ya yi wannan kuskuren, sai a girgiza kai a ce ƙuruciya ce, in ya yi aure zai daina. Laifi ɗaya, an yi shi tare, amma ɗaya ya sami suna na har abada, ɗaya ya sami uzuri.

Bari in ba ku labarin abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Ina da 'yar baffa, sa'ata ce, tare muka yi firamare, kuma ba zan ɓoye ba, ta fi ni ƙoƙari nesa ba kusa ba, musamman a lissafi. Shekara biyu da suka wuce, wata rana ta dawo daga dubiya a Malumfashi, mota ta sauke ta a bakin hanya magariba ta kawo jiki, sai wani saurayin unguwarmu ya rage mata hanya a kan mashin. Iyakar abin da ya faru ke nan. Da dare a teburin mai shayi abokai suka fara tsokanarsa. Shi kuwa maimakon ya ce 'yar unguwa ce ya taimaka wa, sai ya yi wani murmushi ya ce, "Ku dai ku bar zancen kawai." Aka kwashe da dariya ana ba shi hannu. Ina zaune a wurin. Na ji, na kuma san ƙarya ce, amma don tsoron kada tsokana ta dawo kaina, na ja bakina na yi shiru.

Kafin mako ya zagayo, magana ta yi fiffike. Daga teburin shayi ta shiga waya, daga waya ta shiga gidan biki, daga nan ta isa kunnen iyayen wanda aka yi mata baiko da shi, bisa alkawarin sai ta gama makaranta. Suka aiko a mayar musu da kayansu. Baffa ya kwana uku bai fita ƙofar gida ba. Daga bisani ya cire ta daga makaranta, ba a yi wata huɗu ba aka ɗaura mata aure da wani dattijo a wani gari mai nisa, ta je ta tarar da mata biyu. Sai a lokacin na yi ƙarfin hali na je na durƙusa na faɗa masa abin da na ji da kunnena. Ya daɗe bai ce kome ba, sa'an nan ya ce, "Yaro, ni ma na san ba ta yi ba. Amma bakin mutane fa?" Shi kuwa saurayin nan, bara aka yi bikinsa. Da iyayen amarya suka zo bincike, sun tambayi asalinsa da sana'arsa da yawan gonakinsu. Ba wanda ya tambayi halinsa da mata, ba wanda ya tambayi abin da harshensa ya taɓa jawo wa 'yar mutane.

Sau da yawa in an yi irin wannan, sai a fake da addini. To, jama'a, mu duba mu gani, shin addini ne ya ba mu mudu biyu? Abin da malamanmu na Islamiyya suka karantar da mu a cikin Suratun Nur shi ne, aya ta 2 ta ambaci mace da namiji tare, ta kuma yanka musu hukunci iri ɗaya, bulala 100 kowannensu, ba ragi ba ƙari. Aya ta 30 ta umarci maza su runtse idanunsu su tsare kansu, sa'an nan aya ta 31 ta zo da umarnin mata. Ashe da mu maza aka fara. Aya ta 4 kuma ta ce wanda ya jefi mace kamila da zargin zina bai kawo shaidu huɗu ba, a yi masa bulala 80, kada kuma a sake karɓar shaidarsa. A cikin wannan sura ce Allah ya wanke Nana A'isha daga ƙazafin da aka yi mata, ya kuma tsawata wa waɗanda suka riƙa karɓar zancen baki da baki ba tare da sani ba. Daɗin daɗawa, wanda Alƙur'ani ya ba da labarin kamun kansa dalla-dalla, har ya zaɓi kurkuku a kan saɓo, saurayi ne, watau Annabi Yusufu, amincin Allah ya tabbata a gare shi.

Da an bi wannan ma'auni a unguwarmu, wa ya cancanci horo a cikin labarin da na ba ku? Lalle ba yarinyar da ta hau mashin don tsoron dare ba. Masu yaɗa zancen su ne a sahun gaba, mai murmushin nan yana biye, ni da na yi shiru ma ban fita ba.

Har ila yau, ko da a ce kuskuren ya auku da gaske, addini bai ce a yi shela da shi ba. A cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik, wadda ake karantawa a zaurukanmu, an kawo labarin wani mutum da aka zo neman auren 'yar'uwarsa, sai ya faɗa wa mai neman cewa ta taɓa yin kuskure. Da labari ya kai ga Sayyidina Umar, sai ya doke shi, ko ya yi kusan dukansa, yana tuhumarsa a kan abin da ya kai shi faɗa. Haka kuma raina zawarawa da muke yi, muna kiransu ragowar wani, ba daga sunna muka samo shi ba. Nana Khadija, uwar muminai, ta taɓa aure kafin Manzon Allah (S.A.W.) ya aure ta, kuma a cikin matansa duka Nana A'isha kaɗai ya aura tana budurwa.

Sai maganar alama, wadda ita ce ginshiƙin wannan awo namu. Kakata, wadda wasan jika ya sa ba ta ɓoye mini kome, ta ce a zamaninsu akan shimfiɗa farin ƙyalle a daren farko, da safe tsofaffi su zo su duba. In an ga jini sai guɗa ta tashi, a aika wa uwar amarya da kyauta. In ba a gani ba, yarinya ta shiga uku, ita da uwarta. Na tambaye ta, "To, shi angon fa, me ake shimfiɗa masa?" Ta yi dariya ta ce in tashi in ba ta wuri. Wannan al'ada ta ja baya ƙwarai, amma tunanin da ya haife ta yana nan daram, har akan ji wai a kai yarinya asibiti a duba ta.

To, ga abin da ilmi ya tabbatar. Likitoci sun bayyana cewa tantanin da ake kira na budurci halittarsa ta bambanta daga mace zuwa mace, kamar yadda kamanni suka bambanta, kuma mata da yawa ba su zubar da jini a daren farko alhali ba wanda ya taɓa saninsu. A watan Oktoba na 2018, Hukumar Lafiya ta Duniya tare da wasu hukumomi biyu na Majalisar Ɗinkin Duniya suka fitar da sanarwa cewa babu wani gwaji da zai iya nuna ko mace ta taɓa sanin namiji ko ba ta taɓa ba, suka kuma yi kira da a daina shi, domin cutarwa ce da wulaƙanci. Tun kafin su ma, malamanmu na fiƙihu sun rubuta cewa wannan tantani yana iya gushewa ta hanyar tsalle ko faɗuwa ko wata lalura, kuma ba su fitar da mai irin wannan daga hukuncin budurwa ba. Allah kaɗai ya san yawan bayinsa mata da aka zubar wa mutunci a kan shaidar ƙyalle, alhali kuwa ƙyallen ne bai san abin da yake faɗa ba.

Akwai wata shari'a da aka yi a wannan yanki namu tun kafin a haifi yawancinmu, wadda ya kamata kowane ɗalibi ya san ta. Amina Lawal, wata bazawara daga ƙauyen Kurami na ƙasar Bakori, ta haihu ba ta da aure. A ranar 22 ga Maris, 2002, kotun shari'a ta Bakori ta yanke mata hukuncin jefewa. Mutumin da ta ambata a matsayin mai cikin ya musanta, ya rantse da Alƙur'ani, babu shaidu huɗu, aka sallame shi. A ranar 19 ga Agusta, 2002, babbar kotun shari'a ta Funtuwa ta tabbatar da hukuncin. Sai a ranar 25 ga Satumba, 2003, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a Katsina ta soke shi, alƙalai huɗu cikin biyar suka amince. Daga cikin dalilansu akwai cewa tana da ikon janye iƙirarinta, da cewa alƙali ɗaya ne ya zauna a kotun farko alhali doka ta ce uku, da cewa a mazhabar Malikiyya cikin bazawara ana iya jingina shi ga tsohon mijinta har tsawon shekara biyar, watau abin da ake kira kwantacce.

Darasi biyu na ɗauka daga wannan shari'a. Na farko, jikin mace yakan ba da shaida a kanta, jikin namiji kuwa ba ya cewa kome. Saboda haka duk al'ummar da ta dogara ga abin da ido ke gani kaɗai, mata za ta yi ta kamawa, maza su yi ta wucewa. Na biyu, shari'ar Musulunci ce da kanta ta kuɓutar da wannan baiwar Allah, domin tana da ƙa'idoji, tana neman hujja, tana kawar da haddi in an sami shubuha, tana kuma da ɗaukaka ƙara. Kotun bakin mutane fa? Ba ta neman shaida, ba ta kiran wadda ake ƙara ta kare kanta, tana zama a teburin shayi da bakin rijiya da cikin waya, kuma hukuncinta ba shi da ɗaukaka ƙara. A wannan kotun aka yanke wa 'yar baffana hukunci.

Na san akwai masu cewa, ai dole a fi tsananta wa mace, domin ita ce ke ɗaukar ciki, ita ce uwa, in ta lalace gida ya lalace. Wannan magana akwai ƙamshin gaskiya a cikinta, kuma ba na zargin uban da ke kwana da fargaba a kan 'yarsa. Amma ina tambaya, cikin nan ita kaɗai ta yi shi? Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Manomin da ya ga awaki suna yi masa ɓarna a gona, ya kama dukan dawa yana ƙyale awakin, me za a kira shi? Muna kulle 'yan mata tun la'asar, mu saki samari har tsakar dare ba mai tambayar inda suka je, sa'an nan mu yi mamakin yadda ɓarna ba ta ƙarewa. In uwa ce makarantar farko, uba fa? Saurayin da ya saba da neman mata tun yana ɗan shekara goma sha bakwai, ranar ɗaurin aure ba a wanke masa hali da goro da alawa. Da halinsa zai shiga ɗakin 'yar mutane, wani lokaci har da ciwon da ya kwaso.

Wasu kuma za su ce, wannan yaron boko ya ɓata shi, so yake a saki 'yan mata su yi abin da suka ga dama. Allah ya kiyaye. Kamun kai kafin aure abu ne mai daraja a addininmu da al'adarmu, kuma ina fata ƙannena mata su riƙe shi da kyau. Abin da nake nema shi ne, mudun da muke auna su da shi, a kawo shi a auna mu. Ban ce a rage na mata ba, cewa na yi a cika na maza.

Mu kuma duba hasarar da wannan tsoro yake jawo mana. Yara mata nawa muka fara aji ɗaya da su, nawa suka rage yanzu? Da yawa ba talauci ne kaɗai ya fitar da su ba, tsoron abin kunya ne, tsoron abin da wani ɗan wani zai yi ko zai faɗa. Ana hukunta yarinya tun kafin a yi laifin, kuma a kan laifin da namiji ake tsoron ya yi. Sa'an nan gobe mu kai matanmu asibiti mu yi ta gunaguni don babu likita mace. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, a cikin littafinsa Nurul Albab, ya soki malaman zamaninsa da suke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta zama malama, ta kafa tsarin 'Yan Taru don karantar da matan karkara. Da tsoron bakin mutane ya sa an hana ta karatu, wa ya yi hasara?

Saboda haka ina kira ga 'yan'uwana samari, da ni kaina a farko. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Kowannenmu yana burin ya auri wadda ba ta taɓa sanin kowa ba. To, kai me ka tanadar mata? Idan ba ka yarda a tsaya da ƙanwarka a lungu ba, kada ka tsaya da ƙanwar wani. Idan ka ji ana cin naman 'yar mutane a majalisa, ka ce a bari, ko ka tashi. Idan aka turo maka hoto ko zance a waya, ya mutu a hannunka. Alfahari da ɓarna ba jarumtaka ba ce, jarumi shi ne wanda ya fi ƙarfin zuciyarsa.

Ga iyayenmu kuma, cikin ladabi da biyayya, ina roƙo ku tambayi ɗanku inda ya kwana kamar yadda kuke tambayar 'yarku inda ta tsaya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma ba iccen mata kaɗai ke tanƙwaruwa ba. In an zo neman 'yarku, ku binciki halin yaron kamar yadda danginsa za su binciki nata. In an kawo muku zance a kanta, ku zaunar da ita ku ji ta bakinta, ku nemi hujja irin wadda Allah ya ce a nema, kafin ku yanke abin da ba ya gyaruwa. Ku kuma 'yan'uwana mata, ku tsare kanku don Allah da darajar kanku, ku riƙe karatunku, kada kuma ku zama ku ne masu kai zancen 'yar'uwarku gidan biki, domin abin da ya ci Doma ba ya barin Awai.

Da hutun da ya wuce na kai wa 'yar baffana ziyara. Na same ta tana daka, da goyo a bayanta. Bayan mun gaisa, abin da ta fara tambayata shi ne ina muka kai a lissafi, ta ce in na gama da littattafaina kada in ba kowa, in kawo mata. Na yi mata alkawari. Na kuma nemi gafararta a kan shirun da na yi, ta ce ta yafe, amma kada in sake yi wa wata. Wannan rubutu shi ne farkon cika wancan alkawari.

A nan zan dakata. Abin da na faɗa daidai, Allah ya amfane mu da shi. Inda na yi kuskure, malamai da iyaye su gyara mini, domin gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Allah ya shirye mu, maza da mata baki ɗaya, ya sa mu auna wa 'ya'yan mutane da mudun da muke so a auna wa namu, amin. Wassalam.

Daga wani ɗalibin aji shida